Horon Iyali Gaba Ɗaya: Maganar Yaro Mai Galahanga da Zaman Auren Iyayensa

Idan yaro ya wuce shekara biyu ya doshi ta uku, alhali bai buɗe baki ya ce Inna ko Baba ba, a kira sunansa bai waiwayo ba, kuma ba ya miƙa yatsa ya nuna tsuntsu ko mota domin wani ya gani tare da shi, sai dai in ƙishirwa ta kama shi ya damƙi hannun babba ya ja shi har gindin randa ya ɗora hannun a kan moɗa, to, tun kafin a yi zancen zuwa asibiti mutanen gida sun riga sun yanke hukunci, kowa da nasa. Kakarsa ta wajen uba ta ce nauyin baki ne kawai, ai ubansa ma sai da ya shekara huɗu kana harshensa ya warware. Maƙwabciya ta ce iska ce ta shafe shi, a nemi tofi da hayaƙi. Wani kuma ya ce kurma ne, alhali yaron yana jin motsin ledar alawa daga wani ɗaki, kuma kukan injin niƙa yana sa shi toshe kunnuwa yana kururuwa. Sau da yawa abin da ke tare da irin wannan yaro shi ne galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, wato wani bambanci a ginin ƙwaƙwalwa wanda yake shafar yadda mutum yake fahimtar jama'a da yadda yake fahimtar da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da ita, kuma lalurar ba ta ware gidan mai kuɗi ko na talaka ba.

Mas'alar da nake so in tsaya a kanta ita ce, mun saba raba wannan al'amari gida biyu, mu ɗauki maganar yaron aikin likita ne ko na malamin tofi, rikicin da ke tashi tsakanin uwarsa da ubansa kuwa mu bar wa waliyyai da alƙali, kamar babu wata alaƙa tsakaninsu. A nawa nazarin waɗannan biyun lalura ɗaya ce, domin ɗaya daga hanyoyin da aka fi jarrabawa a yau wajen taimakon ƙaramin yaro mai galahanga ya iya isar da nufinsa ita ce horon iyayensa, kuma abin da ake horar da su a kai, wato natsuwa da lura da haƙurin jira, shi ne abin da yake fara ƙarewa a gidan da miji da mata suke gaba da juna.

Ya kamata mai karatu ya san cewa ɗora wa uwa laifi ba a garuruwanmu kaɗai aka yi shi ba, kuma ba jahilai kaɗai suka yi shi ba. A shekarar 1943 wani likitan ƙwaƙwalwar yara mai suna Leo Kanner, na asibitin Johns Hopkins a Amurka, ya wallafa bayanin yara 11 da ya ga suna da wannan hali, kuma ko da yake ya ce da shi aka haife su, bai rufe maganar ba sai da ya yi ishara da cewa iyayen nasu ba masu sakin jiki da 'ya'ya ba ne. Wannan ishara waɗansu suka ɗauka suka gina mazhaba a kanta, babbansu Bruno Bettelheim, wanda littafinsa na 1967 ya yaɗa da'awar cewa ƙeƙashewar zuciyar uwa ce take kora yaro ya shige cikin kansa. Aka yi shekaru mata suna ɗauke da alhakin abin da ba su aikata ba, har ana raba waɗansu da 'ya'yansu da sunan magani. Waɗanda suka rushe wannan da'awa kuwa, abin lura, da dama cikinsu iyaye ne. Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam kuma uban yaro mai galahanga, ya kafa hujja a littafinsa na 1964 cewa asalin abin a halitta yake. Lorna Wing ta Ingila, likita ce kuma uwar yarinya mai wannan lalura, tana cikin iyayen da suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1962. Daga bisani, a 1977, Susan Folstein da Michael Rutter suka yi nazarin tagwaye: a cikin haihuwa 11 ta tagwaye 'yan ƙwai ɗaya, sun sami 4 da yaran duka biyu suke da galahanga, a cikin haihuwa 10 ta tagwayen da ba 'yan ƙwai ɗaya ba kuwa ba su sami ko ɗaya ba, alhali kowaɗanne tagwaye uwa ɗaya ta raine su.

A nan dole in yi gargaɗi, domin na san yadda kalmar gado take sauka a kunnen mutanenmu: da zarar likita ya furta ta, sai dangin miji su ce a zuriyarmu dai babu irin wannan, daga ɗakinku ya kwaso. Wannan zalunci ne da aka yi wa ilimi. Ƙwayoyin halittar da ke da hannu a galahanga suna da yawa ƙwarai, suna zuwa ta uwa suna zuwa ta uba, waɗansu ma sabon canji ne da ya auku a yaron kansa ba tare da kowane daga cikin iyayen yana da shi ba. Kuma bincike ya nuna yawan shekarun uba lokacin da aka ɗauki cikin yana daga abubuwan da ke ƙara yiwuwarta. Babu mai laifi a ƙaddara irin wannan.

Cikin waɗanda suka fara juya akalar aikin a aikace akwai Eric Schopler na Jami'ar North Carolina, wanda ya ƙi yarda a ɗauki iyaye a matsayin sanadin cuta, ya ɗauke su abokan aikin likita, har shirinsa ya zama na jihar baki ɗaya a 1972. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa: ƙwararre yana ganin yaro sa'a ɗaya a mako in an yi sa'a, uwa da uba kuwa suna tare da shi wajen wanka da cin tuwo da sa riga da kwanciya, kuma a waɗannan wurare ne harshe yake tsirowa.

To, mene ne haƙiƙanin abin da ake koya wa iyaye? Misali mafi inganci da zan kawo shi ne gwajin da aka yi a Ingila ƙarƙashin Farfesa Jonathan Green na Jami'ar Manchester, a kan yara 152 masu shekara 2 zuwa 4, wanda aka buga sakamakonsa a mujallar likitoci ta Lancet a 2010. Ba a taɓa yaron da magani ba. Ana ɗaukar hoton bidiyo na uwa ko uba suna wasa da shi, sa'an nan a zauna tare da ƙwararriya a kalla sannu a hankali, ana tsayarwa ana komawa baya. Zama sau biyu a wata har wata shida, daga nan sau ɗaya a wata har wata shida, tare da sharaɗin iyaye su riƙa bitar rabin sa'a kullum a gida.

A ƙaddara uwa ce zaune a kan tabarma, ɗanta yana juya murfin kwano a ƙasa, ya faɗi ya sake juyawa, abin da zai iya wuni yana yi. Ita kuma, saboda tsananin son ta ji muryarsa, tana ta jero masa umarni: “Zo nan. Kalle ni. Ce Inna. Ce Inna mana! Mene ne wannan?” Idan aka mayar mata da hoton, sai ta ga abin da idonta bai kama ba: lokacin da murfin ya faɗi ya yi ƙara, yaron ya ɗago ya dube ta na ƙiftawar ido, amma a daidai wannan lokaci ita ta juya tana lalubo masa 'yartsana. Ya yi mata magana da irin harshensa, ba ta ji ba. A zama na gaba sai a ce ta ɗauko nata murfin, ta zauna daidai tsayinsa, ta juya kusa da shi, ta yi shiru; in murfin ya faɗi ta ce “Ya faɗi!” kalma biyu kacal, sa'an nan ta jira, ko da jiran ya yi mata tsawo har ta ji kamar ta cike shi da surutu. Wata rana yaron zai turo murfin ya taɓa gwiwarta. Wannan turowa roƙo ne cikakke, ita kuma ta ce “Ƙara?” ta juya masa nan take, domin ya gane cewa in ya yi ishara duniya tana amsawa. A kan wannan ganewa ake ɗora sauran duka, ko kalma ce ta biyo baya, ko nuni da hannu, ko miƙa hoto.

Amana ta wajabta in faɗi sakamakon yadda yake, ba yadda zuciya take so ba. A rahoton 2010 ba a sami raguwa mai yawa a tsananin alamomin galahanga ba. Abin da ya ƙaru a fili shi ne dacewar amsar iyaye da nufin yaro, da kuma yawan yadda yaro yake fara neman mu'amala da kansa. Sai da aka sake bin yaran bayan kimanin shekara shida, aka buga a 2016, aka ga masu tsananin alamomi kashi 46 cikin 100 ne a cikin waɗanda aka horar da iyayensu, alhali a ɓangaren waɗanda ba a horar da iyayensu ba kashi 63 ne. A jarrabawar harshe kuwa ɓangarorin ba su bambanta ba. Saboda haka duk wanda ya ce wa iyaye horo zai warkar da galahanga, ko ya yi musu alkawarin yaro zai yi magana a wata kaza, ya yaudare su. Abin da horo yake bayarwa sauƙi ne da fahimtar juna, kuma wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce ga gidan da yaro yake buga kansa da bango saboda ya rasa yadda zai ce cikinsa ke ciwo.

Mai karatu zai ce wannan aikin ƙasashen da ƙwararru suka wadata ne, mu kuwa masu gyaran magana a wajenmu 'yan ƙalilan ne, mafi yawansu a manyan birane, kuma mutumin ƙauye ba zai iya zaryar Kano ko Kaduna ko Kware sau biyu a wata ba. Gaskiya ne, amma an riga an gwada amsar wannan. An sauya wa shirin Manchester fasali aka kai shi Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba suka koyar da iyayen yara a gwajin da ya ƙunshi yara 65, kuma rahoton 2016 ya nuna an sami irin wancan ci gaba a amsar iyaye da yunƙurin yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da nata tsarin horon masu raino a 2022, bayan an gwada shi a ƙasashe da dama har da Habasha da Kenya: zama 9 a ƙungiya da ziyara 3 a gida, domin yara masu shekara 2 zuwa 9, ba a sharɗanta sai likita ya tabbatar da sunan lalurar ba, kuma a cikinsa akwai darasin yadda mai raino zai kula da lafiyar kansa.

Yanzu mu koma ga auren. An daɗe ana yaɗa cewa kashi 80 cikin 100 na auren iyayen yara masu galahanga yana mutuwa, magana ce marar asali wadda ta karya zukata da yawa. Binciken Brian Freedman na Cibiyar Kennedy Krieger a Amurka, wanda aka buga a 2012, ya sami kashi 64 na irin waɗannan yara suna zaune tare da iyayensu biyu, sauran yara kuwa kashi 65. Amma Sigan Hartley da abokan aikinta a Jami'ar Wisconsin, da suka duba iyalai 391 a 2010, sun sami rabuwar aure kashi 23.5, alhali a iyalan da aka kwatanta su da su kashi 13.8 ce, abin da ya fi jan hankalina a bincikensu shi ne, a sauran gidaje haɗarin rabuwa yana sauka idan yaro ya kai wajen shekara 8, a gidan mai galahanga kuwa yana nan har bayan yaro ya balaga, domin rainon bai ƙare ba. Waɗannan alƙaluman Amurka ne, ba na Katsina ko Damagaram ba, amma darasinsu a fili yake: mafi yawan auren yana ɗorewa, sai dai yana ɗauke da nauyin da ya fi na sauran tsawo.

Yadda nauyin yake cin aure kuwa ba a ɓoye yake ba. Da dare ya raba, matar ta ce, “Maigida, jiya ma bai runtsa ba sai asuba, ga shi gobe ranar asibiti ce.” Shi kuma ya ce, “To ni yaya zan yi? Kuɗin wancan zuwan ma bashi na ci. Hajiya ta ce ke kika shagwaɓa shi.” Kowanensu gaskiya ya faɗa, kowanensu agaji yake nema, amma ita ta ji an tuhume ta, shi ya ji an ce ya gaza. Ta daina zuwa biki da suna saboda kallon da ake yi wa ɗanta, ƙawaye suka janye. Shi ya fara daɗewa a majalisa domin gidan ya yi masa zafi. Dangi suka fara raɗa masa ya ƙara aure ko ya sami lafiyayyun 'ya'ya. In har ta kai ga saki, yaron ne ke biyan kuɗin, domin mai galahanga ya fi kowa dogara ga abin da ya saba, ɗakinsa da kwanonsa da muryar mai rainonsa. Kuma ko da yake fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, ya ba uwa haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace har ta tare a gidan miji, tare da wajabta ciyarwa a kan uba, al'ada takan rinjayi hukunci a karɓe yaro a kai shi hannun wadda ba ta san ma'anar ko ɗaya daga isharorinsa ba.

Wannan ne ya sa nake jin tsoron horon da aka taƙaita ga uwa. Idan aka kira mace ita kaɗai, aka koya mata dabaru, aka ɗora mata bitar rabin sa'a kullum a kan girki da wanki da rashin barci, to an ƙara mata aiki, an kuma buɗe sabuwar ƙofar zargi, domin in yaro bai ci gaba ba za a ce ba ta yi yadda aka koya mata ba. Bayan haka aikin kansa ba zai yi kyau ba: ita tana jira yaro ya nuna kofi kana ta ba shi, uban ya shigo ya daka masa tsawa ya ce sai ya ce ruwa, kakar kuma ta miƙa masa tun bai nema ba; ɗaya na ɗinki, biyu na warwarewa. Masu shirin Triple P na Jami'ar Queensland a Ostareliya sun gane wannan, har suka sa wani sashe na musamman kan yadda miji da mata za su mara wa juna baya a tarbiyya. Ni kuma ina ƙara wani ƙiyasi nawa: ɗabi'ar da ake koya wa iyaye game da yaron, wato ka yi shiru, ka lura da ƙaramar ishara, ka amsa nufi maimakon lafazi, ita ce dai ɗabi'ar da mijin nan yake bukata domin ya ji cewa “bai runtsa ba” ma'anarsa na gaji, ka karɓe ni daren yau. Ayar shayarwa a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta ko uba saboda ɗansa, ta kuma rataya yaye a kan yardar juna da shawara; idan yaye, wanda al'amarin 'yan kwanaki ne, yana bukatar shawarar mutum biyu, ina ga rainon da zai ɗauki shekaru.

Akwai al'adunmu da mai horarwa zai yi karo da su, kuma bai kamata ya zo musu da raini ba. A gidaje da yawa, musamman na karkara, uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban surukai. In ɗan farin ne mai lalurar, sai a nema mata lokaci a cikin ɗakinta, ko a fara da kakar da ke riƙonsa. Haka nan mun ɗauki sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne, shi ya sa yaron da ba ya haɗa ido akan yabe shi da kunya har lokacin taimako ya yi nisa; kuma bayan an gane, kuskure ne a riƙe haɓarsa a tilasta masa kallo, domin manya da yawa masu galahanga sun bayyana cewa haɗa ido yana takura su ƙwarai. Mafi wuya duka shi ne uba, wanda yake tsoron in an gan shi a tabarma yana juya murfin kwano a ce ya zama mijin-ta-ce. Wannan uba sai a tuna masa abin da ya tabbata a hadisi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta, kuma an ruwaito ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya gaggauta shi ba. Kuma aikin uba ne, ba na matarsa ba, ya zauna da mahaifiyarsa cikin ladabi ya ce, “Hajiya, likita ya ce ba shagwaɓa ba ce, ga yadda za mu riƙa yi masa mu duka.”

A ɗaya gefen kuma babban gida irin namu yana da fa'idar da ƙaramin gidan Turai ba shi da ita. Yaya 'yar shekara goma takan fi kowa saurin gane wasan ƙanenta, kaka tana da lokacin da uwa ba ta da shi, abokiyar zama ma, in an shigar da ita da mutunci tun farko, tana iya karɓar yaron wuni guda uwarsa ta je ta ga danginta. Duk su ya kamata su san alama ɗaya ta ruwa, ɗaya ta banɗaki, ɗaya ta “ya isa”. Idan yaro ya fi gane hoto, to tsarin musayar hoto da Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a Amurka a 1985 ana iya kwaikwayon asalinsa da hoton kofi da na kwano a manne a jikin kwali, kuma tsoron da ake yi cewa nuni ko hoto zai hana magana fitowa bincike bai gaskata shi ba. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba su saɓa wa ko ɗaya daga cikin wannan ba; abin da ya saɓa wa addini da hankali shi ne dukan yaro da sunan fitar da aljani, da turara masa hayaƙin da ke shaƙe shi, da ɗaure shi a turke, da sayar da gona a kai wa mai da'awar warkarwa.

Najeriya ta sami dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman a watan Janairu na 2019, amma doka ba ta zama a tabarma. Masu iya wannan aiki suna nan kusa: ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye, malaman Islamiyya, ƙungiyoyin mata irin FOMWAN, da masu sulhunta ma'aurata a masallatai da ofisoshin Hisba, waɗanda ya kamata su saba tambayar ma'auratan da suka zo da rikici ko akwai yaro mai lalura a gidan. Duk wanda zai buɗe irin wannan aji, ya sa lokacinsa bayan la'asar ko ranar da ba ta kasuwa ba, ya tanadi namiji mai horarwa wanda zai zauna da iyaye maza a zaure, ya shirya ziyarar gida a sa'ar da maigida yake nan, ya ware zama ɗaya aƙalla wanda ba za a yi zancen yaro ba sai na rabon dare da kuɗi da hutun uwa, sa'an nan ya rubuta sunan uba a takardar halarta kusa da na uwa, ranar da bai zo ba a aika a tambaye shi dalili.